Yadda Mai-Kunne Ya Maido da Kukan Masaƙa

Yana da shekara goma sha tara ya shiga masaƙa, ya fito yana da hamsin da takwas, kuma da son ransa ne da bai fito ba. Aikinsa gyaran injin saƙa. Ubansa mai gyaran agogo ne a wani ɗan shago da mutum uku ba sa iya juyawa a ciki, kuma tun yana ƙarami ya saba ganin tsohon ya kara agogo a kunne, ya lumshe ido, ya ce wannan gudu yake, wancan kuma ɗingishi. Bai gaji agogon ba, don yatsunsa sun yi wa aikin kauri. Kunnen ya gada.

Babban ɗakin masaƙar injuna ɗari biyu da arba'in ne a ciki, jere goma sha biyu, ashirin-ashirin. Kowane inji yana wurga ƙoshiya, ɗan katakon nan mai kai zare wancan gefe ya dawo, sau uku kafin ka ƙifta ido da kyau. Baƙo in ya shiga sai ya toshe kunne ya nemi ƙofa. Shi kuwa a shekararsa ta uku, wata rana yana wucewa da gwangwanin giris a hannu, sai ya ja ya tsaya, ya je ya taɓa kafaɗar Foman, shugaban ma'aikatan ɗakin. Foman gajere ne mai faɗin ƙirji, da usur rataye a wuya, ba a cika taɓa masa kafaɗa ba.

"Na bakwai a jere na tara," in ji shi, bakinsa a kunnen Foman. "Boris ɗinsa ya kusa ci."

"Kai yaro! A cikin wannan tashin alƙiyamar ka ji boris? Ko dai hutu kake nema?"

Amma ya sa aka tsayar da injin. Da aka buɗe, ƙwayoyin ƙarfen boris ɗin, masu sa sandar injin juyawa sumul, sun fara zama gari. Foman ya daɗe yana murza garin ƙarfen a tsakanin yatsu, sannan ya dubi yaron sama da ƙasa ya ce, "To, Mai-Kunne." Sunan ya bi shi ke nan, har matar da ya aura daga baya, wadda ta yi shekara shida tana tsaron injuna huɗu a jere na biyu, sai ranar da aka zo neman aurenta ta ji sunansa na gaskiya.

Da masaƙar ta rufe, masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da manyan motoci, suka yi sati uku suna yanka suna lodawa. Mai-Kunne bai je kallo ba. Ya buɗe rumfa a bakin titi yana gyaran keken ɗinki da injin ban ruwa, aiki kuwa ba ya yanke masa. Sai dai wani lokaci matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, takan same shi zaune yana buga yatsu uku a gwiwa, idonsa a bango. Ba ta tambayarsa. Ta san abin da yake bugawa, kuma ta san babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar kukan ɗakin nan a kaset. Wa zai ɗauki hayaniya ya ajiye?

'Ya'yansu biyar. Ta ƙarshe, Auta, ita ce mai haɗa sauti a wani gidan rediyo. Wata ranar Talata fankar ɗakin aikinta ta fara ƙara, ƙarar tana shiga cikin shirye-shirye, mai gyaransu kuma ya yi tafiya, sai ta kira Baba. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya gama da fankar cikin minti ashirin, ya zauna yana goge hannu yana kallon ɗakin: bango lulluɓe da soso, manyan lasifika biyu, kwamfuta a tsakiya.

"Baba, zo ka ga wani abu," in ji Auta.

Ta rubuta layi ɗaya a kwamfutar, gajere, bai kai tsawon adireshin gida ba. Ta danna. Wani sauti ya cika ɗakin, siriri, miƙaƙƙe, ba ya rawa ko kaɗan.

"Wannan sarewar wa kika ɗauka?"

"Ba ta kowa ba ce."

"To daga ina kika ɗauko?"

"Ba a ɗauko ba, Baba. Yanzu aka yi shi. Ka ga lambar nan, ɗari huɗu da arba'in? Cewa na yi lasifika ta tura iska gaba ta ja ta baya sau ɗari huɗu da arba'in a daƙiƙa ɗaya. Shi ke nan abin da kake ji."

Mai-Kunne ya ajiye tsumman hannunsa. Shekara sittin da uku yana jin sauti, kuma a saninsa kowane sauti yana da uwa: ƙarfe ya bugi ƙarfe, bel ya goge fulin da yake juyawa, iska ta bi ta rami. Ga wani yau ba uwa ba uba, daga lamba kawai.

"Rage ta," ya ce.

Ta mai da ita ɗari uku. Sautin ya yi ƙasa.

"Ƙara ragewa."

Ɗari biyu. Sannan ɗari. Sai ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Gurnani ne mai kauri, wanda ake ji a ƙirji kafin kunne, kuma ya san shi kamar yadda ya san tarin matarsa.

"Motar lantarki ce, mai juya inji," ya ce a hankali. "Da safe, an kunna ta, ba a ɗora mata bel ba tukuna. Ikon Allah! Auta, ashe duk shekarun nan lamba nake saurare?"

A hanyar gida ya wuce rumfarsa bai lura ba, sai da mai shagon kusa ya ƙwala masa kira.

Bayan kwana biyu ya je gidan Auta da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce yana so ya koyi rubuta irin layin nan. Ta yi dariya, ta ga bai yi ba, ta gyara zama. Ta ce masa abin ba yare ɗaya ba ne. Yarukan da ake yi wa kwamfuta magana da su don ta ƙera sauti suna da yawa, kowanne da halinsa, kuma mutum in ya kama ɗaya zai yi shekaru a cikinsa, don haka gara ya zaɓa da kyau.

"Wanne ya fi?"

"Bari mu tambayi masu abin."

Ta rubuta tambayar a wani dandalin intanet na masu wannan harka: mahaifina makaniki ne, bai taɓa rubuta wa kwamfuta komai ba, yana so ya ƙera kukan injuna, da wane yare zai fara? Kafin sati amsa ta haura arba'in. Ta zo gida ta zauna a tsakar gida tana karanta masa tana fassarawa. Na farko ya ce wane yare. Na biyu ya ce na farko bai san abin da yake faɗa ba. Zuwa na goma sun manta da makaniki gaba ɗaya, sun koma tonon silili a tsakaninsu.

Mai-Kunne ya yi dariya har da hawaye. "Ashe ko'ina masu sana'a halinsu ɗaya! Kowa sifanarsa ce ta fi. Bar su. Zaɓo mini uku da aka fi ambata, in gwada su yadda ake gwada sabon ma'aikaci. Kowa wata guda, kuma aiki iri ɗaya: ya yi mini inji ɗaya yana saƙa."

Auta ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta ta hannu da ƙananan lasifika biyu, ta saka masa yarukan uku, ta buga masa darussan farko a takarda. Ta faɗa masa sunayensu, bai riƙe ko ɗaya ba. Shi ya raɗa musu nasa.

Na farko ya kira shi Tsoho, don Auta ta ce ya girme ta. Yadda darasin ya koyar, takarda biyu ake cika masa: ɗaya ka bayyana abin da zai yi kukan, ɗaya ka jera lokacin da zai yi da tsawonsa. Turancin Mai-Kunne na littafin inji ne, yana karantawa da yatsa, yana buga haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar hatsi. A wurin Tsoho ya koyi abin da ya hana shi cin abincin rana. Shuuu ɗin nan da rediyo ke yi in ba ta kama tasha ba, in ka datse ta ta zama guntuwa ƙwarai, sai ta koma ƙwas, kamar an buga katako. Ya yi ta tsawaita ta yana gajarta ta: shuuu, shu, ƙwas. Ya kira Inna ta ji.

"Duk bugun da kika taɓa ji a duniya, shuuu ce aka yanke mata wutsiya."

"To," in ji Inna. "Abincin dai ya huce."

Ya girmama Tsoho. Sautinsa tas, ba ya kuskure. Amma ya ce aiki da shi kamar zuwa wurin dattijon akawu ne, sai ka cika fom kafin ya amsa gaisuwarka. Auta ta ce akwai sababbin hanyoyin aiki da shi da ba sa buƙatar haka. Ya ce ya yarda, amma watansa ya cika.

Na biyu ba a rubuta masa dogon zance. 'Yan akwatuna ake ajiyewa a allo, a ja zare daga gindin wannan zuwa kan wancan, sauti ya bi zaren. Mai-Waya ke nan. Ranar farko Mai-Kunne ya ji kamar an mai da shi gida, don kuwa haka zanen wayoyin inji yake. Cikin kwana huɗu ya haɗa inji ɗaya. Ya kira Inna, wadda ta zama alƙali ba tare da an naɗa ta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karkata kai.

"Wannan ai mai karɓar kuɗin haya ne yake buga ƙofar kwano."

"Me ya rasa?"

"Ƙoshiya in ta tafi ba haka take dawowa ba. Ka manta? Hagu ya fi dama nauyi. Kuma ina sassarfar da ke bin bayan bugun?"

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Shekara talatin da barinta jere na biyu, ga shi komai na nan a kanta. Ya koma ya ƙara akwatuna, ya nauyaya hagu, ya sa wata 'yar ƙaramar shuuu tana bin bayan kowane bugu. A sati na uku Inna ta saurara ta daɗe, ta ce, "Yanzu kam inji ne. Amma shi kaɗai, kamar maraya."

Sai ya kwafe shi sau goma. Allon ya cika da zare kamar saƙar gizo, ya rasa wanne ya shiga ina. Da ya kunna kuma, goman suka buga tare, ƙafa ɗaya kamar sojoji a fareti. Ya kashe da sauri. Ba haka ɗakin yake ba. A ɗakin babu injuna biyu masu gudu ɗaya. Wani bel ɗinsa ya saki kaɗan, wani sabo ne, wani an matse shi jiya. Sukan haɗu su buga tare na ɗan lokaci, su rabu, su sake haɗuwa can gaba, shi ya sa kukan ke tashi yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Auta ta ce Mai-Waya zai iya wannan sarai, akwai dabarar ninka akwati ba tare da cika allo ba, ta nuna masa. Ya gane, ya kuma ji daɗin dabarar. Ya ce lallai da wuya wani ya kayar da Mai-Waya, amma alkawari alkawari ne, na uku ma sai ya yi watansa.

Na ukun shi ne irin wanda Auta ta rubuta layin nan da shi a ɗakin aikinta, kuma kwana uku bai ce masa uffan ba. Rubutu ne zalla, cike da baka-biyu da ɗigo da waƙafi. In ka manta ɗigo ɗaya sai ya zubo maka ƙorafi rabin allo, sauti kuwa babu. Mai-Gardama, in ji Mai-Kunne. Rana ta huɗu ya yi magana, amma da Mai-Kunne ya sa lamba a inda ba wurinta ba, lasifikar ta ƙwalla wata ƙara da ta sa kyanwar gidan ta haura katanga, maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Auta ta zo da yamma ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi.

"Baba, kunnen nan shi ne jarinka. Kullum ka rage murya kafin ka gwada sabon abu. Ka ji ko?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Abin da ya fara sauya masa ra'ayi ƙaramin abu ne. Ba ya zuwa rumfa da kwamfuta saboda ƙura da mai, amma yana zuwa da littafin rubutu. Sai ya ga Mai-Gardama yana shiga littafi. Tsakanin keken ɗinki da keken ɗinki yakan zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta layi biyu, ya karanta, ya ji su a kansa, ya goge lamba ya sa wata. In ya koma gida ya buga, wani lokaci abin da ya ji a kansa shi ke fitowa. Ranar da hakan ta fara faruwa ya zauna yana kallon littafin. Takarda ce da fensir, ga tabon mai a gefe, amma akwai kuka a kwance a cikinta yana jiran a tashe shi.

Sannan ya iso darasin maimaitawa. Ya karanta shi sau uku don bai yarda ba. Ka bayyana inji sau ɗaya, ka ce a yi shi sau kaza, kuma kowanne a ba shi gudunsa, a ɗan ƙara ko a ɗan rage, yadda ta faɗo. Layi uku ne. Wata Lahadi da hantsi ya rubuta su, ya sa goma, ya rage murya yadda aka umarce shi, ya danna.

Suka taso a hargitse, suka haɗu, suka rabu. Ya goge goma ya sa arba'in, bai ko tsayar da na farkon ba, sababbin suka shigo a kansu. Sai ya ji motsi a bayansa. Inna ce tsaye da ludayi a hannu, ta baro tukunya a wuta. Ya ga ƙafarta ta dama tana taka ƙasa tana ɗagawa, yadda masu tsaron inji ke yi in tsayuwa ta yi tsawo.

"Ƙara," ta ce.

Ya sa ɗari biyu da arba'in. Tsohuwar kwamfutar ta shaƙe, sautin ya rinƙa tsinkewa, sannan ta yi shiru. Suka dubi juna suka fashe da dariya.

Da Auta ta zo ya ce mata ya zaɓa.

"Mai-Waya ko?"

"Mai-Gardama."

"Baba! Wanda ya kori kyanwa? Wanda kullum kake zagi?"

"Shi. Mai-Waya abokina ne, ba zan manta alherinsa ba, kuma da inji ɗaya nake so da shi zan zauna. Tsoho kuma ko gobe na gan shi zan cire masa hula. Amma ni ɗaki nake nema, kuma wannan nake iya ɗauka a aljihu in tafi da shi rumfa. Gardamarsa ma ta gaskiya ce. Bai taɓa yi mini ƙorafi a kan abin da na yi daidai ba."

"Dama kai da masu gardama kake shiri," in ji Inna daga kicin.

"Shi ya sa na auro ki."

"Ka ji shi ko, Auta? Bakinsa ya buɗe tunda ya koyi sabon yare."

Zaɓen wata uku ya ci, aikin kuwa ya ci shekara da rabi. Don kwamfutar ta iya ɗaukar injunan duka, sai da ya rage wa kowanne kaya, kuma a nan ya sha mamaki mafi girma. Yakan cire wani yanki na kukan da yake ganin dole ne, ya saurara, ya ji babu abin da ya ragu. Ya cire wani ɗan ƙaramin da bai ɗauka a bakin komai ba, sai ɗakin gaba ɗaya ya mutu. Shekara talatin da tara yana cikin sautin nan, sai yanzu yake sanin da me aka gina shi. Ya koyi sa amsa-kuwwa, ya yi ta gwada lambobi har ta zama ta rufin kwano mai tsayi, ba ta banɗaki ba. Ya raba jere-jere, wasu ta hagu, wasu ta dama, wasu can nesa. Littafinsa na farko ya cika, ya sayi na biyu.

Inna ce ta ce bai kamata su biyu kaɗai su ji ba. Ta aika wa waɗanda ta san gidajensu, su ma suka aika wa wasu. Wata Asabar da la'asar mutum goma sha tara suka hallara a wani ajin makaranta da aka ba su aro, tsofaffin ma'aikatan masaƙa, maza da mata, wasu sun shekara ba su ga juna ba. Auta ta kawo manyan lasifika huɗu ta kafa a kusurwoyi. Foman ma ya zo, da sanda, ya rame, kunnensa ya tafi kusan duka, sai an yi masa ihu.

"Me aka ce za a yi?" ya tambaya da ƙarfi.

"Mai-Kunne zai kunna masaƙa!"

"Masaƙar da aka sayar?"

Mai-Kunne bai yi jawabi ba, don bai iya ba. Ya zauna a kujerar malami, ya danna. Gurnanin motocin injuna ya fara tashi shi kaɗai. Surutu ya ɗauke. Sai jere na ɗaya ya kama, na biyu ya bi, na uku, har sha biyun suka cika ajin, gilashin tagogi yana rawa.

Ya ɗago kai yana tsoron abin da zai gani. Wata tsohuwa ta dafe baki da hannu biyu. Wani ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Sannan ya ga abin da bai shirya masa ba. A masaƙa ba a jin magana, don haka ma'aikata da leɓe suke hira, ba murya, daga wannan jere zuwa wancan, suna karanta bakin juna. Ba wanda ya ce a yi. Kawai sai ya ga Inna ta juya ga wata ƙawarta da ke can ƙarshen aji, bakinta yana motsi ba sauti, ƙawar ta amsa, suka kwashe da dariya. Nan da nan ajin ya kaure da hirar da ba a ji. Foman, wanda tun zuwansa yake zaune kamar baƙo, ya miƙe wuya yana bin bakuna da ido, ya cafke zancen, ya tsoma nasa. A cikin wannan ƙarar shi da kowa ɗaya ne. Ya dogara sandarsa ya je ya ɗora tafin hannu a jikin lasifika, ya daɗe a haka, sannan ya juyo ya yi wa Mai-Kunne magana da leɓe: ka matse su da yawa, sassauta.

Mai-Kunne ya rage lamba ɗaya. Foman ya sake saurarawa da hannunsa, ya gyaɗa kai.

Sun yi kusan rabin awa a ciki. Da ya kai hannu zai kashe, ƙawar Inna ta ɗaga masa hannu, ta zo kusa.

"Kada ka yanke shi haka. Ba haka ake tashi daga aiki ba. Jere-jere ake kashewa, a fara daga na baya."

Bai rubuta wannan ba. Ya rage murya, ya zaro fensir, ya tsara a littafi, su kuma suka zagaye shi suna leƙe kamar masu kallon ɗinkin tiyata. Ya buga da yatsansa ɗaya. Mai-Gardama ya zubo ƙorafinsa a gaban jama'a.

"Me ya ce?" in ji Foman.

"Ya ce na manta ɗigo."

"To ba shi ɗigonsa mana!"

Ya ba shi. Jere na sha biyu ya yi shiru, sannan na sha ɗaya. Kukan ya rinƙa janyewa daga bayan ajin yana matsowa gaba, yana sirancewa, har aka fara jin injuna ɗai-ɗai, har ya rage guda, ya yi bugu uku ya tsaya. Motocin suka yi gurnaninsu suka sauka. Aka ji wata mota ta wuce a titi. Ba wanda ya tafa. Suka tattara jakunkunansu da sandunansu suka fita a hankali, biyu-biyu, sai a bakin ƙofar makaranta muryoyinsu suka dawo.

Mai-Kunne yana nan a rumfarsa, shekararsa sittin da bakwai, yana gyaran keken ɗinki. Abokan aikin Auta sukan biyo da tambaya, su tarar da shi hannu duk mai, ya goge ya buɗe musu littafi na huɗu. Gidan rediyon sun yi amfani da injunansa a wani wasan kwaikwayo, aka ambaci sunansa a ƙarshe, bai ji ba don yana wurin wani injin ban ruwa a bayan gari. Yanzu ruwan sama yake so ya ƙera, irin wanda ke fara sauka ɗai-ɗai a kan kwano kafin ya ɓarke. Wata biyar ke nan yana fama. Ya gano cewa kowane ɗigo da nasa kukan, kuma babba ya fi ƙarami zurfin murya, amma har yanzu in ya tara su sai su ƙi zama ruwa. Ya ce ba ya gaggawa. In hadari ya haɗu yakan rufe rumfa da wuri, ya ɗauki kujera ya zauna a ƙarƙashin rufin baranda da fensir a hannu.